Zuwa ga ƙanwata mai son zuwa Ingila koyar da zane: maganar wasa a cikin aji

Assalamu alaikum ƙanwata. Ya aiki, ya ɗalibai, ya mutanen gida? Saƙonki ya iso, kuma kamar yadda muka yi da ke, zan amsa a fili, don ba ke kaɗai ce ke yi mini irin wannan tambaya ba.

Kin ce kin karanta zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello, yanzu kina koyar da darasin al'adu da fasaha a wata ƙaramar sakandare a Kaduna, kuma kina son ki zo nan ki yi kwas ɗin koyarwa. Sai dai an ba ki labari wai ajin zane a Ingila dandalin wasa ne, yara suna ta tsalle-tsalle, malami ba shi da ta cewa tunda ba bulala. Ke kuma Allah Ya yi ki da barkwanci, shi ne kike tambaya ko zai amfane ki ko raini zai jawo miki.

Bari mu kawar da maganar takardu tukuna. Ƙofar da aka buɗe a Fabrairun 2023, wadda malaman Najeriya ke neman shaidar koyarwa ta QTS tun daga gida, ta masu lissafi da kimiyya da harsuna ce, malamar zane ba ta ciki. Abin da ya fi dacewa da ke shi ne PGCE, kwas na shekara ɗaya, wanda aƙalla kwana 120 daga cikinsa a makarantu za ki yi su, gaban yara. Kuɗin baƙi za ki biya, tallafin gwamnati kuwa baƙuwa mai koyon koyar da zane ba ta ciki. Kuma tun Janairun 2024 mai bizar irin wannan karatu ba ya tahowa da iyali. Ki zauna da maigidanki ku yi wannan lissafi da kyau kafin ki biya ko sisi.

To, maganar wasa. Wanda ya ba ki labari ya leƙa ta taga ne, bai shiga ba. A nan darasin zane dole ne ga yaro har ya kai shekara 14, daga nan ne mai so ya zaɓe shi a GCSE, jarrabawar kammala sakandare ta nan. Ke nan za a ba ki yara kusan talatin, 'yan shekara 11 zuwa 14, yawancinsu ba su roƙi kowa a kawo su ajinki ba, kuma galibi awa ɗaya kike da ita da su a mako. Kafin ki gama raba takarda, wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malama, ni fa ban iya zane ba." Yaro ɗan shekara biyar ba ya faɗin haka. Ba shi fensir ya zana miki babansa da hannu uku, ya kawo miki yana alfahari. Amma da ya kai sha ɗaya ya fara leƙen takardar na kusa da shi, shi ke nan, kunya ta shiga. Za ki gan shi ya ja layi ɗaya ya goge, ya sake ja ya goge, har takardar ta huje. An hana duka a makarantun gwamnati tun dokar 1986, amma ko da ba a hana ba, bulala ba ta warkar da wannan. Hannun da ke jin tsoro ba ya sakewa.

Ga abin da nake yi da sababbin shiga a makon farko. Ina tattara abin goge fensir gaba ɗaya in kulle a durowa. Kowa in ba shi biro da farantin takarda irin na biki, mu huda tsakiyarsa mu zura biron, yadda farantin zai rufe masa hannu da takardar. Sai in zauna a kan kujera a gaban allo in ce, "Ku zana fuskata. Minti biyu. Ba ɗaga biro, ba leƙe." Aji ya yi tsit sai ƙarar biro. Da lokaci ya cika a cire faranti, sai ihu. Kunnena a goshi, tabarau ya sauko haɓa, hijabina ya koma kamar buhun gero da aka jefo daga kan mota. In bi in karɓa, in manna su duka a allo, in tsaya ina dubawa da fuskar alƙali, sannan in zaɓi wanda ya fi muni in ba shi lambar yabo. Ba wanda ya ji kunya, don kowa nasa ya karkace, har na yarinyar da tun firamare ake cewa ita ce gwana.

Dariyar ba ta wuce minti uku. Abin da ke biye shi ne darasin. Sai in tambaye su, "A cikin minti biyun nan, ina idonku yake?" Su ce a kan fuskata. In ce to jiya da kuka zana ido, me kuka kalla? Ba su kalli komai ba, idon da ke cikin kansu suka zana, wannan mai kama da ƙwallo a tsakiyar layi biyu. Yau kuwa, duk da muninsa, akwai wanda ya kama yadda girata ɗaya ta fi ɗaya tashi, abin da ni kaina sai a zanen na lura. Daga nan mu cire faranti mu zana takalmi ko buta a tsanake, ana kallo ana ja. Yaron da iyayensa ba sa son ya zana fuska, ba na jayayya da shi, buta nake ajiye masa tun farko, wasan ɗaya ne.

Akwai kuma na ninke takarda uku: wannan ya zana kai ya ninke, na biyu ya zana jiki bai ga kan ba, na uku ƙafafu, sai a buɗe a ga dodon da ya fito. Ba malaman firamare suka ƙirƙiro shi ba. Marubucin Faransa André Breton da abokansa ne ke yin sa a birnin Faris cikin shekarun 1920, manyan mutane da gemunsu. Tarihin zanen Turawa cike yake da irin wannan shaƙiyanci, kuma shi ne ƙofar da nake shigar da yara ta cikinta. Arcimboldo na Italiya, tun ƙarni na 16, yana haɗa fuskar mutum da kayan lambu, hanci na kokwamba, kunci na tuffa. Duchamp ya yi wa hoton Mona Lisa gashin baki a 1919. Picasso ya ɗauki sirdin keke da kan keke a 1942 ya haɗa, ya zama kan bijimi. Wanda ya fi tayar da aji kuwa Chris Ofili ne, haifaffen Mancesta, iyayensa 'yan Najeriya, wanda ya ci kyautar Turner, babbar kyautar masu fasaha ta Birtaniya, a 1998, kuma yana sa kashin giwa a zanensa. Ki faɗi wannan ga 'yan shekara sha biyu ki ga ikon Allah. Amma da sun gama toshe hanci, kunnensu na hannunki, kina iya tambayarsu me ya sa mutum zai yi haka, kuma su amsa da gaske.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, don nan ne barkwancinmu ke iya kai mutum ya baro. Wasanmu na gida yawancinsa zolaya ce. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, kaka da jika, taubashi da taubashiya: kowa ya tashi ya san wanda zai tsokana da iyakar da zai tsaya, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa. Malamanmu ma haka suka riƙe mu, wannan "mai ƙaton kai", waccan "sarkin barci", muna dariya ana wucewa. A nan babu wannan yarjejeniya tsakaninki da ɗan mutane. Ki kira yaro da wani suna don wasa, kafin ki isa gida uwarsa ta aiko da saƙo, gobe da safe shugaban sashe yana jiran ki, kuma a rubuce za a ajiye maganar. Wasa wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Don haka ni dariyar ajina wuri uku take sauka: a kaina, a kan zanen haɗin gwiwa da ba na kowa ba, ko a kan wani mai zane da ya yi suna. Jikin yaro, sunansa, harshensa, addininsa, duk ba na kusa da su. Haka aikin da ya zauna ya zuba zuciyarsa a kai, ko da kyanwarsa ta fito kamar ba kyanwa ba, ba abin dariya ba ne sai in shi ya fara.

Ki kiyayi gatse ma. Manyan Ingila gwanayensa ne, za ki sha shi a ɗakin malamai, amma a aji akwai yara masu lalurar da ke sa su ɗauki magana yadda aka faɗe ta, akwai kuma wanda bai daɗe da zuwa ƙasar ba, Turancin ma bai zauna masa ba. Ki ce "madalla, ka kyauta" ga wanda ya zubar da fenti, sai ya ɗauka yabo ne.

Su ma za su gwada ki. Za su kwaikwayi yadda kike magana, musamman inda harshenmu ke haɗa "p" da "f". Na farko ki yi murmushi ki wuce, kar ki nuna ya taɓa ki. Na biyu ba wasa ba ne, ki bi tsarin ladabtarwa na makarantar, gargaɗi, sannan a tsare shi bayan an tashi. Rainin da kike tsoro ba daga dariya yake zuwa ba, yana zuwa ne ranar da kika ce za ki yi abu ba ki yi ba. Malamar da ta fi kowa raha a sashenmu ita ce kuma ba a taɓa fita daga ajinta ba sai an ƙirga almakashi ya cika.

Wasan kansa shiri yake so fiye da darasin shiru. Kafin ki sake su, sai sun san alamar tsayawa. Ni hannu nake ɗagawa in ƙirga daga biyar. Agogo na kan allo. Minti goma na ƙarshe na wanke buroshi ne. Lokacin kwas ɗinki kuma, malamin da ke kula da ke zai zauna a bayan aji da takardarsa, in an tashi tambayarsa ɗaya ce: me suka koya? In amsar ita ce "sun ji daɗi", ba ki ci ba. Sai kin buɗe littafin zanen yaro kin nuna bambancin shafin jiya da na yau.

A ganina ma wasu malaman nan sun zarce. Kullum wasa, kullum yanka mujalla ana mannawa, sai yaro ya kai GCSE bai san yadda ake sa inuwa a jikin kofi ba, alhali kashi 60 na makinsa daga tarin aikinsa ne, sauran 40 kuma aikin da zai ƙarasa cikin awa 10 ana tsaye a kansa. A nan ne horon Zariya zai yi miki rana. Wanda aka zaunar ya zana abu ɗaya har hannunsa ya gaji yana da abin da ake nema a nan, kar ki bari kowa ya sa ki ji kamar daga baya kika zo. Kin fito daga inda su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suna ɗalibai, suka ce sai an haɗa fasahar gida da ta makaranta.

Kuma kayan wasan ma kina da su, ba sai kin aro ba. Motar kara da ta gwangwani da yayyenki ke ƙerawa darasin sassaƙa ne da kayan bola, abin da ake ji da shi a nan. Shigar 'yan tashe, gemun auduga da tumbin tsumma, darasin mako shida ne a kan fuskar ɓoye da kayan wasan kwaikwayo. Ga dokin laka, ga zanen ƙwarya, ga lalle, wanda 'yan matan Pakistan da Somaliya na ajina suka fi ni iyawa, ranar sai in koma ɗaliba.

Kar ki jira biza. Ranar Litinin ki gwada na farantin a ajinki. In ba faranti, kwalin sabulu ya isa, in ba takarda, ta buhun siminti da gawayi. Na san yaranki sun ninka nawa yawa, ki raba su layi-layi. Ki ɗauki hoton aikin kafin wasan da bayansa, aikin kawai ban da fuskokin yara, ki rubuta abin da ya yi da abin da ya ƙi. In an kira ki ganawa za a nemi ganin aikinki, za a kuma tambaye ki yadda kike tafiyar da aji, kin ga kina da abin nunawa a hannu. Ki turo mini in gani, har da zanen fuskar taki.

Ki gaishe mini da Inna da maigidan, Allah Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.