Ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan horon leza

Wa alaikumus salam ƙanena. Na so in wuce, amma na kasa. Ka ce ka gama digiri na biyu a fiziks, an ɗauke ka koyarwa, kana son shiga binciken leza, amma duk sashenku babu komai sai tsohuwar lezar He-Ne ɗaya (mai aiki da iskar hiliyam da niyon) da ta daina kamawa, kana tambayar inda za ka samu horo. Wallahi kamar labarina kake bayarwa. Tamu ma tana cikin kabad har yau, ba a fito da ita sai masu tantance kwasa-kwasai za su zo.

Ka fara da ICTP da ke Tiriyeste a Italiya, cibiyar nazarin fiziks ta ƙasa da ƙasa da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a 1964. Suna yin makarantar hunturu kan kimiyyar haske, galibi a watan Fabrairu, ta kusan mako biyu. Ba a biyan kuɗin rajista, kuma suna ɗaukar nauyin wasu daga ƙasashe irin namu. Amma tun kafin ka cike fom, ka san yadda za ka yi da shugaban sashenku. A nan aka karya ni.

Shekarar da na fara nema an ɗauke ni, har da kuɗin jirgi da masauki. Abin da ya rage kawai takardar izinin tafiya, wadda dole ta bi ta teburin shugaban sashenmu kafin ta hau sama. Na kai masa da hannuna, na rusuna na gaishe shi. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, “To, Italiya ke nan? Mu da muka tsufa a nan ba mu je ba.” Na ɗauka wasa ne, har na yi dariya. Daga ranar sai “ka dawo gobe”, sai “ina mitin”, sai “wa zai riƙe maka ɗalibai?” alhali wani abokin aikina ya rubuta a takarda cewa zai riƙe. Sakatariyarsa ce, Allah Ya saka mata da alheri, ta raɗa min cewa takardar tana ƙarƙashin wasu tsofaffin fayiloli, ko lamba ba a ba ta ba. Ranar ganawata ta biza ta zo ta wuce. Na zauna cikin mota a gindin darbejiya ina rubuta wa mutanen Tiriyeste cewa ba zan samu zuwa ba, ina gogewa ina sakewa, don na rasa dalilin da zan bayar wanda ba zai zubar da mutuncin jami'armu ba. Abin da ya fi ƙona min rai, bayan wata guda mutumin nan ya tashi a taron sashe yana cewa matasan malamai ba sa neman damarmaki. Yana kallona yake faɗa! Kowa ce min yake hassada ga mai rabo taki ce. Ni dai a lokacin ban ga takin ba.

Don haka duk takardar da ka kai, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka kuma sami wani farfesa da ake jin nauyinsa ya san da maganar.

Daga baya Allah Ya yi na je, kuma abin da na fi amfana da shi ba laccar ba ce, mutanen ne. Mako biyu ba ya mayar da kai gwani. Ka nemi wanda zai karɓe ka a ɗakin gwajinsa, sai ka bi ta shirin STEP na ICTP, mai ba ɗalibin digiri na uku damar raba lokacinsa tsakanin gida da can, ko tallafin TWAS, ƙungiyar masana kimiyya ta duniya mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa. Kada ka raina na Afirka. African Laser Centre, da aka kafa a 2003 ƙarƙashin CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Afirka ta Kudu, a Firetoriya, tana ba da tallafin karatu da na binciken haɗin gwiwa. Akwai NILES, cibiyar kimiyyar leza ta Masar, a Jami'ar Alƙahira, akwai cibiyar leza a Jami'ar Cape Coast ta Gana, ga ƙungiyar LAM ta masu binciken leza a Afirka da Farfesa Ahmadou Wague ya jagoranta daga Dakar.

Ba ka tambaya ba, amma idonka, don Allah idonka. Wata lezar da ake kira Nd:YAG tana fitar da haske mai zangon nanomita 1064, ba ka ganinsa, ido ba zai ƙifta ba, sai dai ka ga tabo. Da wani ɗan kati na musamman ake bin sawunsa, sai ka ga ɗigo ya haska a jiki. Ranar farko a ɗakin gwaji aka sa na cire agogo da zoben azurfata, aka ce ko biro ya faɗi kada in sunkuya har fuskata ta kai tsayin teburin. Tabarau kuma kowanne da zangon hasken da yake tarewa, an rubuta a gefensa. Hatta korayen lezan nan masu arha na kasuwa, wasunsu na zubo hasken da ba a gani, don ba a sa musu matata ba.

Sannan ka zaɓi binciken da zai rayu idan ka dawo. Wasu sun ƙware kan lezar femtosakan, mai harba haske cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sun dawo inda wutar NEPA ba ta awa uku, ƙurar hunturu na sauka kan madubai, yanzu sai koyar da 'yan aji ɗaya. Da ƙaramar fitilar UV ta nanomita 365 da na'urar auna launukan haske za ka iya aiki kan gubar aflatoksin a gyaɗa da masara, tunda tana ƙyalli a ƙarƙashin irin wannan hasken. Irin wannan ne masu ba da tallafi ke fahimta. Madubi kuma kada ka bari kowa ya goge shi da hankici.

Ka turo min wasiƙar neman taka ta bayan fage in duba. Shi shugaban sashen naku wane irin mutum ne?