Filin Tambaya da Amsa: Wane sintisaiza zan saya don sautin bayan fage?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni dai ina aiki a wani ɗan situdiyo anan Kano, yawanci waƙoƙin biki da na siyasa muke bugawa da fiyano Yamaha PSR, toh kwanan nan wani darakta ya bani aikin sa sauti a fim ɗinsa mai dogon zango, akwai wajen da yarinya take tafiya ita kaɗai a kango da daddare, yace shi baya son kiɗa, so yake a ji tsoro ba tare da an ji ganga ba. Wallahi kwana uku nayi ina danne-danne duk abinda na saka sai ya fito kamar za'a shigo da amarya. Wani abokina yace sintisaiza nake buƙata, na duba intanet sunaye sun min yawa har kaina ya ɗaure. Dan Allah wanne zan saya? Kuɗina basu da yawa, kuma irin sautukan nan masu ja a hankali kamar iska da na gwaje-gwaje su nake son koya. Daga mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar shigo da amarya ta bani dariya sosai, amma ba laifinka bane kuma ba laifin fiyanon bane, ita PSR an ƙera ta ne don mutum ɗaya ya tsaya a madadin makaɗa biyar, ka danna ta baka ganga da bas da algaitar bature duk a lokaci guda, kuma sautukan cikinta an riga an dafa su an zuba a kwano, naka kawai ka ɗauki cokali. Shi kuwa sintisaiza ɗanyen cefane yake baka. Yana haifar da sauti tun daga tushe, sannan ya baka abubuwan murɗawa da zaka tace shi, ka rage masa kaifi, ka sa ya shigo a hankali ya ɓace a hankali. Irin sautin da daraktanka yake nema turawa suna ce masa ambiyan, Brian Eno ɗan Ingila ne ya yaɗa sunan a 1978, kiɗa ne wanda yake zama kamar yanayin ɗaki, ba'a rawa da shi, wani lokacin ma baka san yana nan ba sai an kashe.

Kuma kar ka ɗauka abin baƙo ne a wajenmu. A wannan shekarar dai ta 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa a Yamai da wata fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, gidan rediyo da talabijin na Nijar suka yi shekaru suna saka shi tsakanin shirye-shirye, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi duniya ta ji. Ka neme shi ka saurara da hedifon. Kayan aikinsa bai kai rabin naka ba.

Yanzu in zaka zaɓa, ka manta da yawan sautukan da aka rubuta a kwali, wai sauti dubu ɗaya da kaza, wannan cikon ido ne. Abu na farko da zaka tambaya shine murya nawa yake iya fitarwa a lokaci guda. Akwai masu murya ɗaya tak, irin Minimoog da aka fara fitarwa a farkon shekarun 1970, sunansa ya cika duniya kuma sautinsa akwai kauri amma in ka danna maɓalli uku ɗaya kawai zai yi magana, kaga bai dace da kai ba tunda shimfiɗa kake son yi. Kuma ko masu murya huɗu akwai inda suke cizo: ka danna maɓalli huɗu ka bar su suna jan jela na daƙiƙa goma, kafin su gama ɓacewa ka danna wasu huɗun, toh na'urar bata da sauran murya dole ta yanke na farkon ta baiwa na biyun, sai kaji sautin ya guntule kamar an ɗauke wuta. Shi yasa masu wannan harkar suke son takwas zuwa sama in da hali.

Na biyu, kuma ni a wajena shine zuciyar maganar, motsi. Sautin da ka danna ya tsaya cak kamar ƙarar firij ba ya tsorata kowa, gundura yake. Abinda ke sa tsigar jiki tashi shine sautin ya rinƙa canzawa a hankali ta yadda kunne bazai kama lokacin da ya canza ba. Abin da ke yin wannan aikin sunansa LFO, ka ɗauke shi kamar wani ɓoyayyen hannu da yake juya maka abin murɗawa hagu da dama ba gajiya, kai ne zaka ce masa murɗa wannan, kuma kayi zagaye ɗaya cikin daƙiƙa ashirin. In kana da irin hannayen nan uku ko huɗu kowanne da nasa saurin, ɗaya yana buɗe matatar sauti ɗaya yana ɗan karkata muryar ɗaya yana yawo da ita daga kunnen dama zuwa na hagu, toh zaka riƙe maɓalli ɗaya na minti biyu baka ji abu ɗaya ya maimaita kansa ba. Don haka ka duba LFO nawa gare shi, kuma zai barka ka haɗa shi da duk inda kake so ko kuwa an ƙayyade maka.

Na uku amsa-kuwwa, wato ribab da eko kamar yadda kuke faɗa a situdiyo. Gaskiya rabin ambiyan ribab ne, duk wanda yace maka ba haka ba yana son burge ka ne kawai.

Toh ga waɗanda zan iya tsaya maka a kansu. Korg Minilogue xd ya fito a 2019, maɓallai 37 ƙanana, murya huɗu, ribab da eko a cikinsa kuma masu daɗi ne, sannan kusan komai yana da abin murɗawarsa a fili kana gani, wanda wannan ba ƙaramin abu bane ga mai koyo. LFO ɗinsa ɗaya ne, nan ne rauninsa, sai dai yana iya haddace murɗawar da kayi da hannunka ya rinƙa maimaita ta. Wani abu da nake so a jikinsa, yana barin ka sake saita tazarar muryoyi da kanka, kasan goge da kukuma da gurmi basa zama daidai kan maɓallan fiyano, akwai 'yar tazara da suke faɗawa tsakani, da wannan zaka iya bin su maimakon ka tilasta musu bin ka.

ASM Hydrasynth shi kuma dokin gwaje-gwaje ne. Murya takwas, LFO biyar, guraben haɗa wannan da wancan har 32, kuma maɓallansa suna jin nauyin kowane yatsa daban, wato ka danna uku sannan ka ƙara matsa na tsakiya kaɗai sai shi ɗin ya buɗe ya bar sauran, abin sai ka taɓa zaka gane. Babban mai maɓalli 49 akwai tsada, amma akwai ƙaraminsa Explorer mai 37, cikinsu ɗaya ne, kuma yana aiki da batir takwas irin na tocila ƙanana, wanda a garin da NEPA take wasa da hankalin mutane wannan ma abin dubawa ne. Sai dai fa zai ci maka lokaci, sati biyun farko zaka ji kamar ka sayi wahala.

Arturia MicroFreak shine mai sauƙin kuɗi a cikinsu, kuma mahaukaci ne na gaske wajen fitar da sautukan da baka taɓa ji ba, amma bashi da ribab ko kaɗan sai ka haɗa masa daga kwamfuta, kuma maɓallansa ba masu nutsewa bane, faranti ne shafaffe da kake taɓawa, wanda ya saba da PSR zai ji wani iri. Yayansa MiniFreak na 2022 ya gyara wannan, murya shida da maɓallai na gaske da ribab ɗinsa. Akwai Behringer DeepMind 12 mai murya goma sha biyu, shimfiɗarsa akwai laushi, in ka samu na hannu mai lafiya ba laifi. Korg Wavestate ma na wannan layin ne amma shiga cikinsa sai da haƙuri, bazan tura mai farawa can ba.

In ni ne kai da kuɗin a hannu, Explorer zan ɗauka in na san zan zauna na koya, in kuma ina son na fara cin moriya tun daren farko sai Minilogue xd.

Amma tsaya, kafin ka sayar da babur. Aikin daraktan nan baya jiran sai kaya sun iso daga kasuwar Alaba ta Legas ko daga waje, kuma abinda zai gama maka shi yana hannunka. PSR ɗinka in tana da kafar USB ko MIDI ka jona ta da kwamfuta ta zama maɓallai kawai, ka sauke Vital ko Surge XT, dukkansu sintisaiza ne na cikin kwamfuta kuma akwai su kyauta, suna shiga manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio lafiya lau, ka ɗora musu Valhalla Supermassive wanda shima ribab ne na kyauta. Sannan akwai wata 'yar manhaja PaulXStretch da take jan sauti kamar danƙo. Ni na taɓa ɗaukar ƙarar ƙyauren ƙarfe na gidanmu da waya, wannan ƙiiii ɗin da yake yi in an turo shi da asuba, daƙiƙa uku ne duka, na ja shi ya koma kusan minti biyu na sauke muryar ƙasa na zuba ribab, da na kunna wa matata da daddare cewa tayi in kashe ko ta bar ɗakin, bata yarda ƙofar da take buɗewa kullum bace. Gwada da tulu in ana hura bakinsa, ko sarewa, ko injin markaɗe daga nesa, ko ruwan sama a kan kwano. Don wajen yarinyar nan a kango, murya ɗaya mai zurfi da ta biyu wadda ta kusa haɗuwa da ita amma bata haɗu ba sun isa, kunne zai rinƙa jin suna gogar juna. Kuma ka bar wuraren da babu sauti sam, takun ƙafarta kawai.

In kayi wata biyu a haka zaka san da bakinka me kake nema, murya ce ta maka kaɗan ko hannunka ne yake ƙaiƙayin abin murɗawa, lokacin sai ka fitar da kuɗi.

Ranar saye kuma, musamman na hannu, ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ka murɗa komai kana saurare da hedifon ko akwai ƙarar yashi, ka bar shi a kunne ko minti talatin ne kaga ko zai birkice in ya ɗau zafi. Ka karanta jikin adaftarsa da idonka, wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, yawancin na yanzu suna ɗaukar duka biyun amma tsofaffi ba duka ba. Ni wannan karatun da kuɗina na saye shi, wani mai kaya ya rantse min cewa ba matsala, ina jonawa naji ɗas sai ƙauri, ko sauti ɗaya banji daga gare shi ba. Ka haɗa da sitabilaiza, kar ka bar shi a jone lokacin da ake tada janareta, kuma ka sa tela ya ɗinka masa riga tun kafin hunturu ya shigo, ƙurar Kano tana shiga ƙarƙashin abubuwan murɗawar nan ta zauna.

Ka rubuto mana in fim ɗin ya fita, ina son jin yadda kangon ya kaya.