Tambayoyinku: Injin markaɗe, na niƙa da na surfe

Tambaya: Ina so in sayi inji in ajiye a gida don sana'a. An ce mini guda ɗaya ya isa in yi markaɗe, in niƙa gari, har da surfe. Haka ne? (Wata mai karatu daga Gusau)

Amsa: Hajiya, a baki duk inji ake cewa, amma kowanne da aikinsa. Wanda kika fi gani a unguwa shi ne mai farantan ƙarfe biyu masu tsaga-tsaga, waɗanda masu sana'ar ke kira dutse. Ɗaya a kafe yake, ɗayan na juyawa, kuma akwai abin murɗawa a gaba da ake matse su ko a sassauta. In an matse, niƙa ya yi laushi; in an sassauta, a sami ɓarza ko tsaki. Wannan zai yi miki kayan miya, waken ƙosai da na alale, jiƙaƙƙen geron kunu da waken suya na awara, kuma ƙaramin injin fetur mai ƙarfin doki 5.5 ko 6.5 ya ishe shi.

Zai niƙa busasshen hatsi ma, amma kwano biyu zuwa uku, ba buhu ba, kuma sai an fara ɓarzawa sannan a mayar sau ɗaya ko biyu ana ƙara matsewa. Inda ake samun matsala shi ne haɗa jiƙaƙƙe da busasshe a kai ɗaya (kai shi ne ɓangaren da dutsen yake ciki, wanda inji ke juyawa da bel). Garin dawa in ya tarar da laimar markaɗe sai ya dunƙule ya cike tsagogin dutsen, ga kuma yajin attaruhu da zai bi garin tuwon mutane. Shi ya sa masu dabara ke sayen kai biyu, su riƙa mayar da bel daga wannan zuwa wancan.

Niƙan buhu-buhu aikin babban inji ne mai shan gas, irin wanda ake kira Lista (daga sunan kamfanin Lister na Ingila), mai tafiya a hankali da durom ɗin ruwa a gefe yana sanyaya shi. Akwai kuma injin hama, wanda ba shi da dutse: ƙarafa ne ke wulwulawa da gudu suna dukan hatsin har ya fice ta raga. Ramin ragar ne ke yanke laushin gari, kamar milimita 1 ko ƙasa da haka don tuwo, 3 zuwa sama don abincin kaji. Ba ya karɓar jiƙaƙƙen abu sam. Surfe kuwa injinsa daban ne, gogar ƙwayar yake yi ya cire dusa, kuma ana ɗan yayyafa wa hatsin ruwa kafin a zuba. A cikin gida, shawararmu ki fara da markaɗe, don kullum ana miya.

Tambaya: Garin da nake niƙa wa mutane yana fitowa da zafi, wani lokaci da baƙi-baƙi, har ana cewa yana ƙamshin ƙarfe. Me ke jawo haka? (Wani mai inji daga Maraɗi)

Amsa: Malam, dutsenka ne ke cin junansa. Hakan na faruwa in an matse shi fiye da kima, ko aka bar injin yana gudu babu komai a ciki, ko kuma dutsen ya dakushe kana ƙara matsewa don gari ya yi laushi. Baƙin da ake gani ɓurɓushin ƙarfe ne. Ka ɗebi garin ka shanya a faranti, ka bi ta kansa da maganaɗisun tsohuwar lasifika, za ka ga abin da ya manne.

Ka tayar da inji dutsen yana a sassauce, ka zuba hatsi, sannan ka matse a hankali har ƙarar ta daidaita. Kafin hatsin ya ƙare ka sassauta. Ka kwance dutsen ka duba: in bakin tsagogin ya shafe yana sheƙi, a kai shi a wasa, in ya yi siriri a sauya duka biyun tare. Sabon dutse ko wanda aka wasa, a fara wuce masa da dusa kamar kwano guda a zubar, kada a ba dabbobi. In gefe ɗaya kaɗai ya cinye, boris ya mutu ko shaf (sandar ƙarfen da ke juya dutsen) ya lanƙwashe, kuma sabon dutse ba zai yi magani ba sai an gyara wannan.

Zafin kuma yakan zo daga hatsin da bai bushe ba. Ka ciji ƙwaya ɗaya: in ta fashe ƙas, ta bushe, in ta lotse, a mayar da ita rana. A tsince tsakuwa da ƙusa, a kuma baza garin ya huce kafin a ƙulle shi a leda, in ba haka ba zai yi gumi ya yi tsami.

Tambaya: Bel ɗina yana yawan zamewa ko ya fice. (Daga Zariya)

Amsa: Ka ja zare daga fulin inji (ƙarfen da bel ke hawa kansa) zuwa fulin kai, in ba su kan layi ɗaya, ka kwance notocin gindi ka daidaita. In ka danna tsakiyar bel da yatsa, kada ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya zuwa biyu, kada kuma ya yi tauri ƙam, don zai kashe boris. Mai ko giris in ya taɓa shi, a goge tas. Ka sa a ƙera masa murfi, domin bel ba ya barin hijabi, mayafi ko hannun babbar riga, kuma yara ne aka fi aikowa niƙa. Tura kaya da ludayin katako ake yi, ba da yatsa ba, sannan kada a ƙara fetur sai inji ya huce.