Mai rufi ya bar aiki ya tafi: hukunta shi daban, dawo da kuɗinki daban

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a gidana a jihar Maryland ta Amurka. Na ba wani ɗan kwangila mai lasisi aikin sake rufin gidan a kan dala 18,000. Na ba shi dala 6,000 kafin alƙalami, daga baya ya ce kaya sun yi tsada na ƙara masa wata 6,000, dala 4,000 ta manhajar tura kuɗi ta Zelle, 2,000 hannu da hannu. Ya yaye rabin tsohon rufin, ya shimfiɗa tamfol, ya tafi, yau wata huɗu. Ruwa ya shiga ya ɓata silin ɗakin yara da kafet, an yi min kuɗin gyaran dala 4,000. Na kai ƙara hukumar MHIC mai ba 'yan kwangilar gyaran gidaje lasisi a jihar, yanzu sun aiko takarda cewa za a zauna a kan lasisinsa. Da ya ji haka sai ya kira wai zai dawo in na ƙara dala 2,500, don katakon ƙasan rufin ya ruɓe. Na ce kada ya sake kirana. Wani mai rufin ya ce zai ƙarasa a kan dala 13,500. Yaushe hukumar za ta ba ni dala 16,000 ɗina, kuma za a ɗaure shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya mayar da alheri. Duk abin da zan faɗa na gina shi ne a kan bayaninki, kuma takardar yarjejeniyar da kuka sa wa hannu tana iya canza wasu abubuwa, don haka a ƙarshe sai lauya mai aiki a jihar ya karanta ta da idonsa.

Takardar da aka aiko miki ba alƙawarin biyan kuɗi ba ce. Zaman ladabtarwa tsakanin hukumar ne da mutumin da ta ba lasisi, ke kuwa mai yiwuwa shaida ce kawai a ciki. Dokar gyaran gidaje ta Maryland ta hana ɗan kwangila ya watsar da aiki ba tare da dalili mai karɓuwa ba, kuma idan aka same shi da laifi hukumar na iya ja masa kunne, ko ta dakatar da lasisinsa, ko ta soke shi, ko ta ci shi tara har dala 5,000 a kan kowane laifi. Wannan tarar ta gwamnati ce, ko sisi ba zai shigo hannunki daga cikinta ba. Batun ɗauri kuma, gaskiya ne doka ta ɗauki watsar da aiki a matsayin ƙaramin laifi, mai tarar da ba ta wuce dala 1,000 ba ko zaman gidan yari har wata 6. Sai dai masu gabatar da ƙara na gwamnati ne ke da ikon ɗaukar wannan matakin, kuma mutumin da ya fara aiki ya yi wani abu a ƙasa ba kasafai ake kai shi can ba. Kada ki ɗora ranki a kai.

Hanyar kuɗi daban take. Hukumar tana da asusun lamuni da masu lasisi ke zuba wa kuɗi, don biyan masu gidajen da ɗan kwangila mai lasisi ya jawo wa asara. Ƙorafin da kika shigar bai zama neman diyya ba. Akwai fom na musamman na neman biya daga asusun, in ba ki cike shi ba to har yanzu ba ki nemi komai ba. Wa'adinsa shekara 3 ne daga lokacin da kika gano asarar ko ya kamata a ce kin gano ta. Sauran sharuɗɗan da alama kin cika su, tunda a gidan kike zaune, kuma ina ɗauka mutumin ba ɗan'uwanki na jini ba ne na kusa, don dangi na kusa ba sa nema. Ki tabbatar lasisin nasa na aiki a ranar da kuka ƙulla yarjejeniya.

Tun daga 2022 iyakar abin da asusun ke ba mutum ɗaya a kan ɗan kwangila ɗaya dala 30,000 ne, kuma ba ya wuce abin da mutum ya biya ɗan kwangilar. Mutane da yawa suna jin wannan adadin su ɗauka duk abin da suka kashe zai dawo. Lissafin ba haka yake ba. Idan ɗan kwangila ya karɓi kuɗi bai taɓa komai ba, a nan ne ake cewa asarar ita ce abin da aka biya shi. Naki ya yi wani aiki, kuma kina neman wani ya ƙarasa, don haka ƙa'idar da aka saba bi ita ce a haɗa abin da kika biya shi da abin da za ki biya mai ƙarasawa, sannan a cire farashin yarjejeniyar farko. Dala 12,000 da 13,500 sun zama 25,500, a cire 18,000, saura 7,500. Dalilin a fili yake: da ma kin shirya kashe 18,000 ki samu sabon rufi, abin da ya hau kan wannan shi ne asararki a idon doka.

Ko 7,500 ɗin ma ba zan ce miki ta tabbata ba, saboda abu biyu. Na farko dala 2,000 da kika ba shi a hannu. Nauyin kawo hujja a kanki yake, in ya musanta kuma babu rasit, lissafin na iya sauka zuwa 5,500. Ki koma cikin wayarki ki duba ko akwai saƙon da ya ce ya karɓa, ko wanda ya ambaci jimillar abin da ke hannunsa, ki kuma ciro takardar banki mai nuna ranar da kika cire kuɗin. Na biyu ruɓaɓɓen katakon nan. Idan 13,500 ɗin sabon mai rufin ta haɗa da canza katako, alhali yarjejeniyar farko ba ta ƙunshi hakan ba, alƙalin da zai duba neman biyanki na iya cire wannan kason, don ba a biyan mutum kuɗin aikin da bai saya ba tun farko. Ki sa sabon ya rubuta ƙiyasinsa dalla-dalla, kowane aiki da kuɗinsa, kuma shi ma ya zama mai lasisi.

Silin da kafet kuwa asusun ba ya biyansu. Doka ta fitar da ɓarnar da ta biyo bayan mummunan aiki daga cikin abin da ake biya, haka kuɗin lauya da kuɗin kotu da kuɗin ruwa (wato ribar da ke hawa kan kuɗi). Na san wannan ne zai fi yi miki ciwo, tunda ɗakin yara ne. Ƙofarsa ita ce inshora. Masu lasisi wajibi ne su riƙe inshorar ɓarnar da aikinsu ka iya jawowa, ki nemi sunan kamfanin nasa ta hannun hukumar ki sanar da su a rubuce. Ki sanar da inshorar gidanki ma da wuri, ko da yake wasu takardun inshora suna ware ɓarnar da ta samo asali daga aikin ɗan kwangila.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne cewa da kika yi kada ya sake kiranki. Ban ga laifin fushinki ba. Mutumin da ya bar gida da yara ƙarƙashin tamfol wata huɗu, bai tuna da lambarki ba sai da lasisinsa ya shiga haɗari, bai yi abin da zai sa a yarda da shi ba. In da gaske katako ya gani ruɓaɓɓe, ranar da ya yaye rufin ya gan shi, ranar ya kamata ya ɗauki hoto ya rubuto miki. Duk da haka, doka ta ba hukumar damar ƙin biyan wanda ya yi watsi, ba tare da dalili ba, da ƙoƙarin gaskiya da ɗan kwangila ya yi na gyara matsalar. Ina kyautata zaton da wannan zai kare kansa: zai ce ya tarar da ruɓa, ya nemi ƙarin da ya dace, ya ce zai dawo, ke kika rufe ƙofa. Ruɓar katako a ƙarƙashin tsohon rufi abu ne da ake yawan samu, kuma yarjejeniyoyi da dama suna da layin da ya faɗi kuɗin kowane falle in aka tarar da hakan. Ki duba taki. In layin yana nan, neman ƙarin nasa na iya zama da tushe, ko da tafiyar tasa ba ta da shi.

Ba ina cewa dole ki bar shi ya sake hawa gidanki ba. Bayan wata huɗu na shiru, alƙali na iya ganin kina da dalilin ƙin amincewa. Abin da nake so shi ne kada takardu su nuna ke ce kika ƙi magana. Ki rubuta masa wasiƙa mai rajista, gajeriya, ba zagi: ga abin da na biya, ga ranar da ka daina zuwa, ka kawo hoton katakon da ƙiyasinsa a rubuce, ka faɗi ranar dawowa da ranar gamawa, ko kuma ka faɗi nawa za ka mayar, cikin kwana goma. Ki ajiye kwafi.

Ni a ganina sulhu ya fi miki, kuma yanzu ne lokacinsa. Kafin zaman yana da abin da yake tsoron rasawa. Ya kuma san in asusun ya biya ki, sai ya mayar wa asusun kuɗin da ƙarin kashi 10 cikin 100 a shekara, kuma ana iya riƙe lasisinsa har ya biya. Da zarar an dakatar da shi ba shi da izinin yin aikin ko da kin yarda, mai yiwuwa kuma ba shi da kuɗin shigar da zai biya ki da shi. A sulhu ne kaɗai za ki iya saka kuɗin silin a cikin magana ba tare da shiga kotu ba. Sashen kare masu saye na ofishin Babban Lauyan jihar yana shiga tsakani kyauta. In kuma wani dattijo ne ya haɗa ku kuna so a zauna a gabansa, ba laifi, amma a rubuta, a sa adadi da ranaku. Kada ki sa hannu a kan cewa kin yafe komai sai kuɗin sun shiga asusunki na banki, don irin wannan takardar na iya toshe miki hanyar asusun lamunin. Kada kuma ki yi masa alƙawarin za a janye zaman ladabtarwa, wannan ba a hannunki yake ba.

Kotu tana nan. Ƙaramar ƙara a kotun gunduma iyakarta dala 5,000, abin da ya fi haka har 30,000 ma kotun na ji amma da ƙa'idoji masu tsauri. Ki sani in kika shigar da ƙara a kan wannan maganar hukumar za ta jingine neman biyanki har kotu ta gama, kuma hukuncin da aka samu don kawai bai halarci kotu ba asusun ba ya biya da shi. In yarjejeniyarku ta ce sai an je gaban mai yanke hukunci na wajen kotu, to sai kin bi wannan tukuna.

Kafin nan ki bar kiransa ɓarawo a WhatsApp ko Facebook, kuma kada ki rubuta masa cewa in bai biya ba za ki sa a ɗaure shi, duka biyun na iya juyowa kanki. Rufin kuma kada ya jira shari'a, domin ɓarnar da ta ƙaru bayan kina da halin tsayar da ita ana iya ɗora miki ita. Ki sa a ɗauki hoton rufin da na silin ta kowane ɓangare, sabon mai rufin ya rubuta abin da ya tarar kafin ya taɓa komai, a sake ɗaure tamfol ɗin da kyau a wannan makon. In kwana goman suka cika bai amsa ba, ki ba da aikin, ki shigar da fom ɗin asusun tare da kwafin wasiƙar.