Tambaya da Amsa: Bankin HSBC na China ne ko na Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan'uwana da ke saro kaya daga Dubai yana yawan ambaton HSBC. Bankin China ne? Yaya girmansa yake, kuma zan iya buɗe asusu daga nan gida? Mai karatu daga Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A takarda bankin Birtaniya ne, hedikwatarsa na unguwar Canary Wharf a Landan. Amma cibiyarsa a Hong Kong aka binne ta. Wani ɗan Scotland, Thomas Sutherland, ma'aikacin kamfanin jiragen ruwa na P&O, shi ya jagoranci kafa shi. An buɗe reshen Hong Kong a watan Maris na 1865, na Shanghai ya biyo baya bayan wata guda, domin biyan kuɗin fataucin kaya tsakanin China, Indiya da Turai. Haruffan H da S daga sunayen biranen nan biyu suke.

Ya yi girma ne ta hanyar saye. A 1959 ya sayi British Bank of the Middle East, wanda ya ba shi gindin zama a ƙasashen Larabawa; shi ya sa ɗan'uwanka ke ganinsa a Dubai. A 1992 ya haɗiye Midland Bank na Ingila, shekara guda bayan haka hedikwata ta koma Landan. Duk da haka, mafi yawan ribarsa daga Asiya take fitowa, kuma har yau yana cikin bankuna uku da ke buga takardun dalar Hong Kong.

Kadarorinsa sun kai kusan dalar Amurka tiriliyan 3, abin da ya sa shi a sahun gaba a Turai. A lura dai, wannan adadi ya haɗa da basussukan da ya bayar, waɗanda akasarinsu da kuɗin masu ajiya aka bayar da su.

Girman nan ya taɓa jawo masa masifa. A 2012 ya biya hukumomin Amurka tarar kusan dala biliyan 1.9, saboda masu safarar ƙwaya sun wanke aƙalla dala miliyan 881 ta rassansa. Musabbabin shi ne bankin ya sanya Meziko cikin ƙasashe mafi ƙarancin haɗari, don haka ba a sa wa kuɗin da ke shigowa daga can ido yadda ya kamata ba. A ganinmu wannan sakaci ne babba.

Batun asusu kuwa, ba shi da reshen ajiya a Najeriya. Sai ka nemi na ƙasar da kake hulɗa da ita, kuma galibi za su buƙaci fasfo, shaidar adireshi da bayanin inda kuɗinka ke fitowa.