Yaushe maƙeri zai ɗauki baka?

Ɗana, ranar Talata muna sa wa gatari ƙota ka yi mani tambayar da na lura ta daɗe tana cin ka. Ka ce: "Baba, ga maƙera, ga gida cike da iyali, amma ban taɓa ganin bakanka ya yi ƙura ba. Ni kuwa wata huɗu da aure, abokaina kowace Asabar suna daji, ni ina nan ina zuga. A ina kake samo lokacin harbi?" Ban tanka maka ba, don ƙarfe na cikin wuta, kuma ƙarfe ba ya jiran mai surutu. Yau da muka tashi na sa ƙanenka ya rubuta amsar a waya, don kai ka riƙe, sauran yaran sana'a su ma su gani.

Sa'o'in da Allah ya ba ni su ya ba ka. Abin da na fi ka shi ne na san watan da maƙera take sakin mutum da watan da take riƙe shi, kuma ban san haka ba sai da na sha kunya.

Mu maƙeran Daura manomi ne ubangidanmu, shi kuma ruwan sama ne ubangidansa. Daga tsakiyar bazara, da an fara sharar gona, ka ga yadda wurin nan yake komawa: wannan na son ruwan sungumi, wancan fartanyarsa ta cinye, wani ya kawo garmar shanu tun daga wajen Sandamu ko Zango a ɗaure bayan babur, kowa kuma jiya yake so. Ruwan shuka a ƙasarmu yakan sauka wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma ba ya aiko da goron gayyata. Daga nan sai noman fari, sai maimai, sai huɗa, kayan aiki na karyewa ana dawo mana da su da laka a jiki. Kafin ka numfasa gero ya nuna, a zo neman magirbi da lauje. Tun daga Afrilu har a kai dawa da wake rumbu, wanda ya ce shi maƙeri ne ba shi da ranar kwana a daji. Taura biyu ba ta taunuwa.

Amma da hunturu ya kankama, wajen Disamba zuwa Fabrairu, sai wutar ta lafa. Aiki ya koma wuƙa, gatarin faskare, gyaran ƙyaure, 'yan kayan doki in hawa ya matso. Lokacin ne kuma ciyawa ta bushe, gonaki suka zama fili, ba amfanin gonar da za ka tattake a kai ƙararka wurin mai unguwa. Ba banza ba iyayenmu suka ajiye farauta a rani. Abokanka da ke fita kowace Asabar, duba ka gani: ɗaya albashi yake ɗauka, ɗaya shagon babansa yake jira, akwai mai riƙe masa. Asabar ɗinsu daban, taka daban. Mu a nan Asabar ce ranar da muke ƙarasa kayan da za a kai kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi. In ka bi su, wa zai riƙe mani awartaki?

Bari in ba ka labarin kunyar, don na fi so ka ji daga bakina.

Shekarar da na yi aure, ina kamar kai, aka yi gayyar farauta can ƙarshen bazara. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar mani ruwan sungumi huɗu na wani dattijo daga ƙauye, ya ce in gama kafin Alhamis. Na dubi sama na ce ruwa da saura. Na ɗauki baka da kwari na bi kiɗa. Kwana uku muka yi. A dare na biyu aka kece da ruwa, muna fake a gindin wata kuka, ni ina jin ƙamshin ƙasa cikina na ɗurar ruwa, don na san abin da na baro. Na dawo da zabi biyu da zomo ɗaya. Na tarar dattijon ya zo da sassafe da 'ya'yansa uku, ya zauna a kan kututturen nan da kake zama, har hantsi ya dubi ludayi, ya tashi ya tafi wani wuri ya saya da tsada. Ruwan shukar farko ya wuce shi da rabin gona.

Maigidana bai zage ni ba. Ina ma ya zage ni. Karɓe masaɓa ya yi daga hannuna ya nuna mani zugazugi, wata guda cur ina zuga tare da yara 'yan shekara goma, ni da gemuna. A gida kuwa na tarar innarku, tana da ciki wata bakwai, ta aika maƙwabta aron gero, don abin da na bari na kwana ɗaya ne. Ta gyara zabin, ta dafa, ta kawo mani, ita ba ta taɓa ba. Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ni nawa zomon wasu ne suka yi mani gudun: dattijo da gonarsa, da mace mai ciki.

Tun daga ranar na raba abu biyu da samari ke haɗawa. Farauta daban, harbi daban. Farauta tafiya ce, tana cin kwana, tana cin guzuri, ina yin ta sau biyu ko uku a shekara, cikin rani, bayan na sallami kowa. Harbi kuwa ba ya bukatar daji. Abin da yake bukata buhu ne cushe da ƙaiƙayi, da bango ko tudu a bayansa, da taki ashirin na fili.

Ka san ba ma hura wuta ranar Juma'a sai an sauko. To, da an sallame asuba, kafin gari ya gama wayewa, nakan ɗauki baka da kibau goma sha biyu in fita bayan gari, wajen wani kango da ba hanyar awaki ba ce. In jingina buhun, in ƙirga takuna, in harba, in je in tsinto, in sake. Zagaye biyar ko shida. Kafin yara su gama karin kumallo na dawo, na ma biya na sayo ƙosai. Shekara fiye da talatin ke nan, damina da rani, sai in ruwa ya hana ko an yi rasuwa. Wanda ke yin wannan kowane mako ya fi mai kwana uku a daji sau ɗaya a wata hannu, na gwada da mutane da yawa na gani.

Me ya sa asuba, ba yamma ba? Nan ne sana'a ta shigo. Miƙa hannunka bayan ka wuni kana dukan ƙarfe, ka dubi yatsunka. Rawa suke yi, ko ba ka ji ba. Kafaɗar da ta ɗaga masaɓa tun safe ba za ta riƙe tsarkiya a ja ba tare da karkarwa ba, ido kuma ya sha hasken wuta da hayaƙin gawayi. In ka harba da la'asar sakaliya ɓarnar kibau kawai za ka yi, ka koya wa hannunka mugun hali. Da asuba jiki ya huta, iska ba ta taso ba. A hunturu ma sai rana ta ɗaga take fara kaɗawa da ƙarfi. Saboda haka yamma ba ta maharbi ba ce ko da ya so. Ta iyali ce. Kai da ke da amarya, bayan isha'i ba ka da wurin zuwa. Awa biyun da kake yi a majalisa wurin mai shayi kuna kallon waya, daga nan za ka yanko barcin da zai tashe ka da asuba da ƙarfi. Ban ce ka yanke zumunci ba. Amma in dole sai an rage wani abu, hira za a rage, ba aikin mutane ba, ba haƙƙin 'yar mutane ba.

Malaminmu na zaure ya taɓa karanta mana hadisin Uƙbatu ɗan Amir, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ware wasa uku daga wasannin banza: harbin mutum da bakansa, da horar da dokinsa, da wasa da iyalinsa. Maharba sun haddace na farko, kullum shi suke jawowa in mata sun yi ƙorafi. Na ukun kuwa sai su yi kamar malam ya yi tari a wurin.

Ita matarka, kada ta riƙa jin fitarka daga bakin maƙwabta. In farauta ce, gaya mata tun da mako guda, ka ajiye cefane har da rara, ka san wanda zai leƙo gidan. In tana da ciki ya tsufa, ko yaro ba lafiya, an fasa, ko da Sarkin Baka ne da kansa ya aiko. Kuɗin kyauro da tsarkiya da man babur kuma daga ɗan aikin gefe za su fito, irin wuƙaƙen da nake barin ka ƙera ka sayar da kanka. Ba daga kwanon gida ba. In Allah ya ba ku haihuwa yaro ya yi wayo, ka tafi da shi tsintar kibau, sai ya zama fitar taku ce ku biyu. Sharaɗi ɗaya: ba ya motsawa daga bayanka sai ka ajiye baka a ƙasa. Yayanka da ke Kano haka ya fara, yana ɗan shekara bakwai.

Na san kuma abin da ke ƙarƙashin tambayarka, don na ga yadda kake kallon bindigar adaka ta abokinka. Lokacin ƙuruciyata in an ce 'yan bindiga, mutanen Sarki ake nufi, masu tashin albarushi a gaban hawan Sallah da hawan Magajiya da Sallar Gani, mata na guɗa, dawaki na zabura. Yau ka faɗi kalmar a Batsari ko Safana ka ga yadda fuskoki za su canja. Dajin Rugu da manyanmu ke ba da labarin namansa, wa ke shigarsa da sunan wasa yanzu? Mu nan gabas Allah ya sawwaƙa mana da dama, amma saurayi da bindiga a kan babur da duku-duku ba ya da bakin da zai yi bayani kafin a yanke masa hukunci. Doka ma tana nan tun 1959: riƙe bindiga sai da lasisi daga 'yan sanda, ƙera ta ko gyara ta sai da izini na musamman. Ni ba ni da wannan izini, don haka ko kunamar bindiga aka kawo maƙerar nan a ce a ɗan taɓa, ka ce Baba ya hana. Ko baka ne ma, ka sanar da mai unguwa inda kake gwaji, kuma in za a fita daji a fita cikin ayari, da sanin Sarkin Baka. Ba a taɓa dafi. Wasa muke yi.

Kwanaki ka nuna mani a waya mutanen Koriya ta Kudu da suka kwashe zinare biyar ɗin harbin kibiya duka a gasar Olamfik ta 2024 a Faransa, suna harbi daga mita 70, bakansu da wasu sanduna kamar eriyar talabijin. Na yaba. Amma wanda ya fi burge ni baturken nan ne mai furfura, ɗan shekara 51, da ya tsaya hannu ɗaya a aljihu ya harba ƙaramar bindiga daga mita 10 ya ɗauki azurfa. Ku dariya kuka yi. Ni tsayuwarsa na kalla, na ce wannan ya maimaita abin nan har jikinsa ya daina shawara da shi. Irin wannan natsuwar ba a tsinto ta a gayya.

Kuma kada ka ɗauka harbin nan hutu ne kawai daga sana'a. Kan kibiya shi ne ƙaramin abin da muke ƙerawa, shi ne kuma mafi tona asiri. Fartanya in ta ɗan karkace manomi zai yi haƙuri da ita shekara biyu. Kan kibiya in ya kauce da kaurin gashi, ko kunne ɗaya ya fi ɗaya nauyi, a taki ashirin za ka ga ta bar buhu ta nufi bango. Goma sha biyun nan nawa, in ka ɗora su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu ba za ka bambance su ba, kuma sai da na zubar da fiye da hamsin kafin na tara su. Idon da nake duba bakin lauje da shi in ce maka mayar wuta, a gaban buhun ƙaiƙayi na same shi. Mu maƙera da ake cewa 'yan'uwanmu na Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar Kusugu, bai kamata a same mu da karkataccen ƙarfe ba.

To ga abin da za a yi. Akwai ruwan garma biyu da lauje shida da muka yi alkawarin Alhamis. In sun fita kafin magariba, na duba ban mayar maka da ko ɗaya ba, ka same ni ƙofar masallaci ranar Juma'a da an sallame asuba. Ka zo da buhu, akwai ƙaiƙayi a bayan rumbu. Baka zan ara maka tsohon nawa, amma kibau ba na ba da aro. Akwai guntayen rodi a ƙarƙashin uwar maƙera, ka zaɓi uku ka ƙera naka, ka ɗaura su a kyauro da kanka. Kuma ka gaya wa amarya tun daren Laraba.