Kafin ka ciko kwantena, ina littafinka?

Wani direba ɗan'uwanmu da ke Jidda ya aiko mini da tambaya. Shekara uku ke nan yana zuwa tashlih na Buraiman, inda ake kwance motocin da suka yi hatsari, ya sayi inji, giyabos, kwamfuresar sanyi da fitilu, ya aika wa ƙanin matarsa mai rumfa a Ƙofar Ruwa, Kano. Ya ce a ƙiyasinsa ya zuba riyal dubu 60, abin da ya dawo hannunsa bai kai dubu 25 ba. Yaron ya ce laifin aika kaya kaɗan-kaɗan ne, in aka ciko kwantena guda cikin shekara za a gina gida. Shin ya ci bashi ya ciko?

Malam, kada ka ci. Kalma ɗaya a wasiƙarka ta ishe ni hujja: "a ƙiyasina". Shekara uku kana tuƙi cikin zafin Jidda, kana tsimi da abinci, amma ba ka san adadin abin da ka kashe ba sai dai ƙiyasi? Inji nawa ka aika? Nawa aka sayar, nawa ke jibge, nawa ke hannun kanikawa bashi? In ba za ka iya ba ni amsa cikin minti biyar ba, to ba kasuwanci kake yi ba, sadaka kake yi ba da niyya ba.

Na san abin da ke ranka, kana zargin yaron ya cinye ka. Mai yiwuwa ne. Amma bari in ba ka nawa labarin. Na taɓa aika wa ɗan baffana giyabos goma sha biyu, na jira kuɗi shiru, na yanke masa hukuncin ɓarawo, muka yi shekara biyu ko gaisuwar Sallah babu. Da na je gida ya kai ni bayan rumfa ya ɗaga wata tsohuwar tamfol. Ga biyar nan a ƙasa, damina biyu ta bi ta kansu, tsatsa ta cinye bakin, har kaza ta yi ƙwai a tsakani. Ba su shiga motocin da ke gari ba. Huɗu kanikawa sun karɓa da "sai mai mota ya biya", uku kaɗai aka sayar. Bai saci ko sisi ba, ni ma ban ci ko sisi ba, kuma da akwai rubutu da tun watan farko na daina sayen abin da ba ya tafiya.

Wannan rashin shiga ɗin ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina kyautata zaton shi ke cin ka. Camry ɗin da aka daɗe ana sayarwa a ƙasashen Larabawa a Ostireliya ake haɗa yawancinsu, har aka rufe masana'antar a 2017. Waɗanda ke yawo a Kano kuwa galibi daga Amurka suka fito. Suna ɗaya, shekara ɗaya, amma fitila, bamba, wayoyi da ƙwaƙwalwar inji ba lallai su zo daidai ba. Mai tashlih zai ce maka "nafsu shai", duk ɗaya ne, domin shi sayarwa ce gabansa. Bakanike a Kano zai gwada, soket ya ƙi zama, ya mayar. Ga kuma zafin nan da ke gasa roba da kwamfuresa, kayan da ido ke gani garau amma sun gaji.

Sai batun canji, wanda yaronka ba zai gani ba saboda shi da naira yake lissafi. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, ba ya motsi. A farkon 2023 riyal ɗaya wajen naira 200 yake a kasuwar bayan fage, a 2024 ya kai wajen 400. Ka sayi inji riyal 2,000, ya zauna wata takwas a rumfa, yaro ya sayar da ribar naira mai daɗin ji, ka juya kuɗin zuwa riyal ka tarar ko uwar kuɗin ba ta dawo ba. Shi yana murna, kai kana kuka, kuma dukanku kuna da gaskiya. Saboda haka littafinka da riyal za ka riƙe shi.

Ga yadda nake so ka yi. Kafin ka ƙara aika ko kusa ɗaya, ka kira shi ta bidiyo ranar da babu ciniki, ya bi rumfar da kai abu ɗaya bayan ɗaya, kuna rubutawa, har da sunan duk bakaniken da ake bi da abin da ake bin sa. Daga nan duk abin da ka saya ka sa masa lamba da fenti tun a tashlih, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta lambar kayan da lambar shasi mai harafi 17 ta motar da aka ciro shi, da kuɗin saye, da rabonsa na dako da kwastan. Kowace Juma'a ya turo maka hoton shafin ta WhatsApp. Kuma ku yanke masa haƙƙinsa a gaban shaidu, albashi ne ko kaso, don wanda ba a yanka wa ba da hannunsa zai yanka.

Za ka ce kunya, suruki ne, uwargida za ta ji babu daɗi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta cire dangi ba. Ka fara yi wa ita uwargidan bayani, ita za ta fi ka iya gaya masa.

Ka kuma ambaci wani Balarabe da ya ce ku buɗe shago nan da sunansa. Wannan shi ne tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, a Saudiyya hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Rufe wannan babin.

Zancen gina gida cikin shekara kuwa na ji shi a bakin mutane da yawa, har yanzu ban ga wanda ya gayyace ni tarewa ba. Nan da wata uku kada ka sayi komai sai abin da aka yi oda da lambarsa daga Kano. In an kammala ƙidayar rumfar, turo mini hoton shafin farko mu duba tare.